Sabon Fenti a Shekarar Fari

Damina ta biyu ke nan ana ɗaga kai sama ba a ga abin kirki ba. Hadari yakan taso ya yi baƙi ƙirin har mata su kwashe shanya, sai iska ta zo ta watsa shi. Gonaki sun koma fili, madatsar ruwan da ke bayan gari ta ja baya har ana takawa da ƙafa a inda dā masunta ke jefa koma. Garin kuwa da manoma yake ci. In manomi ya sayar da amfanin gona, shi ne zai ɗinka wa iyali kaya, ya canja tayar babur, ya yi wa ɗaki kwaskwarima. In bai sayar ba, duk wanda ke layin shagunan bakin titi sai ya ji a jikinsa.

Mai Fenti ya fi kowa daɗewa a layin. Ya fara furfura, gwiwarsa ta hagu tana ba shi wahala, amma har yanzu shi ne na farkon buɗewa. Zai share ƙofar shago, ya fito da benci, ya zauna. Dā kafin ya gama sharar an fara sallama. Yanzu sai rana ta take bai ɗaga ko buroshi ɗaya daga kanta ba. Wa zai shafa wa bango launi alhali yana neman abin da zai ba akuyarsa?

Dama da shi akwai Mai Faci, sa'ansa kuma abokin tsokanarsa. Hagu da shi akwai Tela, ɗan wani amininsa da ya rasu, wanda ya taso a gabansa yake kuma kiransa Baba. Sauran shagunan rabi sun rufe. Mai aski ya tafi, mai sayar da katifa ya tafi, mai kemis ya koma buɗewa da yamma kawai. Shi ma Tela yana shirin bin sahu, don yayansa ya sama masa gurbi a wani kamfanin ɗinkin kayan makaranta a babban birni, har an yi magana da mai motar da za ta kwashi kekunansa.

Wata safiya Mai Fenti ya ɗauko wani gwangwani daga can ƙasan kanta don ya goge ƙura, sai ya ji ba ya motsi yadda ya kamata. Ya sa sukundireba ya ɓalle murfin. Fentin ya yi ɓawo a sama, ƙasa kuma ya fara daskarewa kamar taɓo. Ya buɗe na kusa da shi, haka. Zafin rufin kwano ya daɗe yana cin kayan a hankali bai sani ba. Ya zauna a kan wani bokiti yana kallon jerin gwangwanayen da ya sayo da kyakkyawan zato a shekarar da aka yi ruwa.

Da ya koma gida cin abincin rana ya gaya wa matarsa.

"To yanzu ya za ka yi, Malam?" ta tambaye shi.

"Ban sani ba. In na sayar wa mutum na cuce shi. In na bar shi, nan da ɗan lokaci sai dai a zubar."

"Ai kuwa zubarwa ba ta taso ba. Ka shafa shi a wani wuri mana. Shagonka ma kansa ya koɗe kamar ba na mai fenti ba, ni kunya nake ji in na wuce."

Ya yi dariyar da ya kwana biyu bai yi ba. Washegari ya sayo kananzir, ya tace fentin da tsohon gidan sauro, ya dama shi har ya saki. Ya jingina tsani ya hau, gwiwa tana ƙara, ya fara da gaban shagonsa. Shuɗi ya shafa, ya ja farin layi a gefen ƙofa.

Mai Faci ya fito yana goge hannu da tsumma, ya riƙe ƙugu. "Tsoho, aure za ka ƙara ne ba mu sani ba?"

"Riƙe min tsanin nan ka daina surutu. In na gama zan yi naka, don wannan baƙin bangon naka shi ke korar mana hadari."

"Ni ba ni da abin biyanka."

"Wa ya tambaye ka?"

Haka aka yi. Ya yi wa Mai Faci ruwan ɗorawa, ya yi wa Tela kore, har shagunan da aka rufe bai bari ba, tunda fentin yana da yawa kuma zaman banza ya ishe shi. Kafin mako ya zagayo layin ya fito fes, ana hango shi tun daga tashar mota.

Daga nan magana ta tashi. Masu wucewa suka fara rage tafiya suna kallo. Wani ya ce ai ba a banza ba, mutumin da ya yi shekara da shekaru yana hulɗa da 'yan kwangila ba zai zubar da kayansa haka kawai ba, lallai ya ji wani abu. Kafin la'asar an ce kamfanin haƙa rijiyoyin burtsatse ne zai sauka a garin. Washegari an ce a'a, masana'antar abincin dabbobi ce, har an ga fili. Wani ma ya rantse cewa da idonsa ya ga baƙi sun shiga shagon da dogayen takardu a naɗe.

Mutane suka dawo zama a bencin Mai Fenti. Sai a gaisa, a yi jajen fari, sannan a matso kusa a rage murya.

"Don Allah, tsakaninmu, me ake ciki?"

"Wallahi babu komai. Fenti ne ya so lalacewa."

Sai su yi murmushi su gyaɗa kai. "Mun gane. Allah ya tabbatar da alheri."

Ya faɗa ya sake faɗa, ba wanda ya yarda, har ya gaji ya koma cewa amin kawai. Kuma gaskiya abin ya yi masa daɗi. Mai kemis ya dawo buɗewa da safe. Wata mata ta zo tambayar ko za a ba ta hayar shagon mai aski. Mai Faci ya sayo sababbin tayoyin babur ya rataye a ƙofa, abin da ya daɗe bai yi ba. Ba wani ciniki mai yawa ake yi ba, amma ana jin muryoyin mutane a layin, ana gardama, ana dariya. Mai Fenti ya ce a ransa, in ƙarya ce ma ai ba shi ya ƙirƙire ta ba, kuma ba ta cutar da kowa.

Ran nan ya dawo gida ya tarar da matarsa ba walwala. Ta ajiye masa ruwa ta zauna nesa kaɗan.

"Matar Tela ta zo ɗazu," ta ce. "Tana kuka."

"Subhanallahi, wani abu ya sami yaran?"

"Lafiyarsu lau. Mijinta ne ya fasa tafiya. Ya ce wa mai mota ya dakata, ya ce wa yayansa ba ya zuwa. Wai Babansa ba zai yi wa shagonsa fenti ba in da ya san garin mutuwa zai yi. Wai kana so ka gaya masa ya zauna ne, amma an hana ka magana. Ita kuwa ta ce an fi wata bai taka keke ba sai na facin tsofaffin kaya. Abin da suke ci ma daga gidan iyayenta ake aikowa."

Ya ajiye ruwan.

"Na ce da kowa babu komai."

"Ka ce, amma kana murmushi. Ni ma da ban san ka ba da na ɗauka akwai wata a ƙasa."

Bai tsaya cin abinci ba. Ya mayar da hularsa ya koma layin. Ya sami Tela yana goge kan keke yana zuba masa mai, fuska a sake. Da ganinsa ya miƙe ya jawo masa kujera.

"Sannu da zuwa, Baba."

"Bar kujerar. Zo mu je ka ga wani abu."

Ya kai shi cikin shagonsa, can lungu inda ya tara gwangwanayen da suka fi ƙarfin gyara. Ya ɓalle murfin ɗaya ya kifa shi. Ko ɗigo bai zubo ba. Ya caka sukundireba a ciki, ta tsaya cak.

"Ka gani? Wannan shi ne sirrin gaba ɗaya. Babu kamfani, babu masana'anta, ba wanda ya gaya min komai. Asara na yi, na rasa yadda zan yi da ita, na shafa muku a bango."

Tela ya daɗe yana kallon gwangwanin.

"Amma Baba, da mutane suna faɗa ba ka musa da ƙarfi ba."

"Ban musa ba. Na ji daɗin ganin mutane a ƙofata, shi ya sa na yi sako-sako. Ban san abin zai kai gidanka ba."

"Na riga na ce wa Yaya ya ba wani gurbin." Tela ya kawar da kai. "Har faɗa muka yi. Na ce masa shi bai san abin da ke tafe ba."

"Kira min shi."

"Ba zai ɗauka ba."

"To ba ni lambar in kira da tawa. Ni na ɗaura wannan, ni zan kwance."

Yayan ya ɗauka. Mai Fenti bai ɓoye komai ba, ya ce laifin nasa ne, yaro ya yarda da shi ne kamar yadda zai yarda da mahaifinsa. Yayan ya ce gurbin farko kam ya tafi, amma akwai na sashen guga da haɗa kaya, albashin bai kai wancan ba. In yana so ya taho kafin ƙarshen mako.

Tela ya juya ya fita. Har ranar tafiyar gaisuwa kawai ke haɗa su, ita ma a gajarce.

Ranar da motar ta zo, Mai Fenti da Mai Faci ne suka kama kekunan suka ɗora, suka ɗaure da igiya, suka cusa tsummoki don kada su gogu a hanya. Matar Tela ta durƙusa ta yi musu sallama, yara suna leƙe ta tagar mota. Tela ya tsaya yana juya makulli a hannu, daga baya ya miƙa.

"Baba, ka riƙe min. Ban ce na bar shagon ba. In Allah ya kawo ruwa zan dawo."

"Allah ya kawo. Ka yafe min."

"Haba Baba. Ni ne na ji abin da nake son ji."

Labarin ya bazu cewa babu wani kamfani. Masu zaman benci suka ragu, wasu har da baƙar magana. Mai Faci ya kalli tayoyin da ya rataye ya ce, "Tsoho, ka sa na yi sayayyar da ba ni da masu saye." Amma bai sauke su ba, ya ce taya ba ta ruɓewa da wuri. Matar da ta nemi shagon mai aski ta ce ita kam ta riga ta sa rai, ta kama shi ta zuba jarkoki da dusa, waɗanda su ne abin da garin ke nema yanzu. Mai kemis ya koma buɗewar yamma.

Ruwa bai zo ba a wannan watan. Wata safiya wani manomi da Mai Fenti ya sani tun ana shekarun albarka ya tsaya a ƙofa da amalanke, jaki ɗaya ramamme yana ja. Ya nemi ƙaramin gwangwani na fentin maganin tsatsa.

"Kai ma sayar da ita za ka yi?" Mai Fenti ya tambaya, don duk wanda ya sayi fenti kwanan nan, abin da zai kai kasuwa yake so ya rufa wa asiri.

"A'a. Tanki na samu zan ɗora mata. Akwai rijiyar da ba ta ƙafe ba a wajen ƙauyenmu, zan riƙa kawo ruwa cikin gari. Gona ta ƙi, ba zan zauna ina kallon yara ba."

Mai Fenti ya fito ya zagaya amalanken, ya ƙwanƙwasa ƙarfen, ya duba ƙasanta.

"Ƙaramin gwangwani ba zai ishe ka ba, ruwa yana cin ƙarfe. Sai ka kankare tsatsar tukuna, ka shafa sau biyu. Kuma tayar nan ta hagu ba za ta ɗauki tanki ba." Ya juya ya ɗaga murya. "Kai Mai Faci! Taso daga barcin nan, ga aiki ya zo."