Jinin Baba Na-Gaba

A cocinsu ba a taɓa neman taimako wani ya riga shi ɗaga hannu ba, shi ya sa ake ce masa Baba Na-Gaba. Dattijon ikilisiya ne, mai shagon fenti, ƙato, ga murya kamar daga cikin tanki. Abin da ke biyo bayan ɗaga hannun kuwa, sai a tambayi matarsa, don ita ake tarewa a hanya ana tuna mata alkawarin da bai cika ba.

Da Kirsimeti ta matso, Fasto ya sanar bayan wa'azi cewa asibitin unguwa ya aiko da roƙo. Lokacin hutu tafiye-tafiye na yawa, haɗarin mota na ƙaruwa, jinin da suke ajiyewa kuma ya kusa ƙarewa. Bai rufe baki ba Baba Na-Gaba ya miƙe.

"Ni ne na farko! Mu da aka zubar da jini dominmu, mu ne za mu yi rowar namu? Su ɗiba har su gaji!"

Aka ɗauki tafi. Ya zauna yana gyara babbar riga, zuciyarsa fes.

Suna cikin mota za su gida matarsa ta ce, "Baban yara, ka dai san da allura ake ɗiba ko?"

"Wace irin allura?"

"Mai kauri."

Mutumin nan ko rigakafin 'ya'yansa bai taɓa tsayawa ya gani ba, kullum shi ne mai gadin mota a waje.

Daga ranar ya shiga bincike. Ya gano cewa kyautar kirki a ɓoye ake yin ta, tunda kuwa ya riga ya faɗa a bainar jama'a, gara ya jira a manta. Matar ta ce ba wanda zai manta, don da lasifika ya faɗa. Sai ya wanke ƙafa ya tafi ofishin Fasto, ya ce ya bi ta gaban asibitin ya ga bangon duk ya koɗe, ko zai ba su fenti a madadin? Akwai ma ja, mai kyau.

Fasto ya dube shi ta saman tabarau. "Dattijo, ba a yi wa mutum ƙarin fenti."

Ranar Kirsimeti ya shiga coci da ƙwarin gwiwa, don ya san da wuya a yi maganar asibiti a irin wannan rana. Ana tashi daga sujada ya fito, sai ga farar mota a harabar, an kafa rumfa, an jera gadaje. Asibitin ne ya biyo su har gida. Fasto ya ɗauki lasifika ya ce dattijonmu ne zai buɗe mana, kamar yadda ya yi alkawari. Mawaƙa ma suka raka shi da waƙa.

Nas ɗin, wata doguwa da ba ta da yawan magana, ta ɗaura masa abin awo a dantse. Ta duba, ta sake dubawa.

"Baba, jininka ya hau sosai. Ba za mu ɗauki naka ba."

Abin da ya yi ta addu'a a kai ke nan. Amma da ya waiwaya ya ga jama'a na kallo, ga mai kaɗa piyano, siririya kamar tsinke, ta haye gado tana hira, sai ransa ya ɓaci.

"'Yata, jinina ne bai yi muku ba? Me aka ce yana da shi?"

"Ba komai, Baba. Ka zauna ka huta, in ya sauka mu gani."

Ya koma kan benci a bayan rumfar, gumi na bin wuyansa. Matarsa ta zo ta zauna kusa da shi, ta miƙa masa ruwa.

"In ba za ka iya ba mu tafi gida, abinci na jira," in ji ta a hankali. "Ubangiji ya san tsoronka, ni ma na sani. Ba wanda zai kama ka. Sai dai can akwai wanda ke kwance, shi tafi ba ya yi masa amfanin komai."

Can ya ce, "In na kwanta, za ki riƙe min hannu?"

"Ai ba yau na fara ba."

Da aka sake awo aka ga jinin ya sauka. Ya kwanta, ya runtse ido, ya damƙe yatsun matarsa har zobenta ya shige mata nama, ya kama rera waƙar yabo da iyakar ƙarfinsa, ba a kan muryar kowa ba. Bayan ya gama baiti ya ce wa nas, "Ki soka mana, ki daina ja min rai!"

"Baba, jakar ta kusa cika."

Da ya buɗe ido ya ga jakar, sai ya ji wani irin sanyi a ransa wanda tafi bai taɓa ba shi ba. Amma hali bai barinsa. Ya tambayi nas a ina za a rubuta sunansa, don mara lafiyan ya san wanda zai gode wa. Ta ce lamba kawai ake sawa. Wannan ta fi allurar yi masa zafi.

Ta manna masa auduga da filasta, ta ce ya cire da yamma. Baba Na-Gaba bai cire ba. Duk sanyin da ake yi, ya ajiye babbar riga ya koma sa mai gajeren hannu, yana gaisawa da mutane da hannun a miƙe. Da filastar ta yi baƙi ta ɓare, ya sa matarsa ta sayo masa sabuwa. Ranar sujadar sabuwar shekara ta leƙo daga kujerar mata, ta ga ya manna ta a ɗaya hannun, ba wanda aka soka ba. Sai ta yi murmushi, ta ci gaba da waƙarta.