Karas Ɗin Da Ba A Rage Ba

Tagar kicin ɗina a sama take, tana kallon bayan gidan Mai Firji, maƙwabcina mai gyaran firji. Magini ne ya sa ta a wurin, ba ni ba, saboda haka kada wani ya ce ina leƙen mutane. In ina wanke kofi, ido yana sauka inda ya ga dama. Kofin dai ɗaya ne tun rasuwar maigidana, amma nakan daɗe a kansa.

Ta wannan tagar na ga tafiyar matarsa. Malama muke ce mata, lissafi take koyarwa. Akwati ɗaya ta ja zuwa bakin titi, ta shiga tasi. Abin da ya ƙona min rai shi ne shekara goma sha ɗaya ina maƙwabtaka da su ban taɓa jin an ɗaga murya ba, ga shi abu ya fashe ba ni da komai a hannu. Matar mai kanti ta ce ai wata ya samu a waje. Na ce, wa? Shi? Mutumin da in ka gaishe shi sai ya gama ɗaure waya ya amsa maka bayan ka kai gida?

A layin karɓar magani na ci karo da yayar Malama, na matsa mata a benci, na ba ta alewa, kafin a kira lambarta na ji komai. Ba saki ba ne. Malama tana wurinta, ta ce a ba ta wata biyu ta yi tunani. Asabar ɗin ƙarshe za ta zo, ko dai ta dawo da akwatin, ko ta kwashe sauran kayanta.

Malama tana da ɗan lambu a bayan gidan, tsakanin katanga da matattun firji da mijin ya jera, don shi ba ya yar da komai. Akwai tumatir da albasa, da layi huɗu na karas da ta shuka kwana uku kafin ta tafi. A da ƙafarsa ba ta taɓa taka wurin ba. Yanzu kuwa kafin ya buɗe shago yana can da bokiti.

Wata safiya ya ɗago kai ya gan ni, na yi kamar labule nake gyarawa.

"Iya, mutum zai shuka abu in ba ya da niyyar ci?"

Na san kowace shekara a wannan watan Malama take shukawa, ko da daɗi ko babu. Na ce masa a'a, ɗana, ba zai shuka ba. Allah ya yafe min.

Daga nan ya mai da tagata makaranta. Ruwa nawa ake zuba wa shinkafa, yaushe ake sa gishiri, me ya sa miyarsa take tsami. Albasa yake yankawa kamar zai hura wuta da ita. Da kofin awon Malama yake aunawa, cike kamar yadda ya ga tana yi, sai abincin ya fito na mutum biyu. Yana ci a tsaye a ƙofar kicin, fuskarsa na kallon lambu, sannan ya hawo min da ragowar. Satin farko na ba kyanwar maƙwabta, ta shinshina ta dube ni. Daga baya na fara ci. Ba daɗi ya ƙaru ba, sai dai rabon da a ƙwanƙwasa min ƙofa da kwano a hannu har na manta.

Karas ya tsiro cunkus kamar gashin buroshi. Duk wanda ya taɓa shuka shi ya san sai an rage, a tuge ƙananan a bar tazarar yatsa uku, in ba haka ba ganye za a tara, ƙasa ba komai. Na faɗa masa sau ɗaya, na faɗa sau biyu. A na uku na ɗauki sandata na sauko, da ciwon gwiwar da komai, na nuna masa da yatsuna.

Ya tsuguna, ya kama ɗaya, ya daɗe riƙe da shi, ya saki.

"Duk suna da rai, Iya. Wanne zan ce ya fita?"

Na ce to ya matsa ni in yi. Ya ce in yi haƙuri, hannunta ne ya zuba su, in ta zo ta rage da kanta. Maimakon haka ya ƙara ruwa, ya ƙara taki, ya ciro ragar ƙarfen cikin firji ya kewaye layukan don kaji. Ganye ya tashi kore shar har gwiwa. Matar mai kanti ta leƙo ta ce kai, mutumin nan ashe manomi ne. Na koma wanke kofina.

Ranar Asabar tun da hantsi na jawo kujera bakin taga, ban ko ɗauki kofin ba. Ya yi aski, ya sa farar riga. Ƙamshin miyarsa ya hawo, kuma gaskiya ranar ba ta kama ba. Ya fito da ƙaramar roba zai ciri karas ya yanka a ciki. Ya ja damƙi guda. Abin da ya fito sirara ne kamar zaren ɗinki, sun nannaɗe juna, ko launi ba su yi ba. Ya ja wani, haka. Yana nan tsugune da su a hannu motar yayar Malama ta tsaya.

Malama ta zagayo ta baya. Ta rame kaɗan. Hannunta ba akwati, amma na ce wa raina wataƙila yana cikin mota. Suka gaisa kamar a ofis. Ta dubi tumatir, ta ce ya yi ƙoƙari. Ta dubi karas, ta daɗe.

"Ba ka rage ba."

"Ke nake jira."

"Na sani," in ji ta. "Kullum ni kake jira."

Ta cire takalmi, ta tsuguna da kayanta masu kyau, ta fara tugewa. Hannunta yana tafiya, uku ta bar ɗaya, huɗu ta bar ɗaya, tana zubarwa gefe. Shi yana tsaye da robarsa. Ta yi magana ƙasa-ƙasa, na miƙa wuya har ya ƙage. Abin da na tsinta shi ne ba ta riƙe shi da komai ba, mutumin kirki ne, amma ta gaji da zama ita kaɗai mai yanke komai a gida, daga launin labule har maganar zamansu. Ya ce zai gyara. Ta ce ta san ya iya gyara.

Ta gama layi huɗu, ta wanke hannu a bokitinsa, suka shiga ciki. Minti ashirin ban ga komai ba sai bango. Sai ga shi ya fito da keken ɗinkinta a kafaɗa, ita da kwalin littattafai a bayansa. Shi ya jera su a mota, har da sa tsumma kada keken ya goge. Kafin ta shiga ta ɗago kai.

"Iya, a ci gaba da duba mana gidan."

Na ce to, 'yata. Ban taɓa jin kunyar tagar nan ba sai ranar.

Da la'asar na sake leƙawa. Bai cire farar rigar ba. Ya tattaro waɗanda ta tuge, sun riga sun yi laushi a rana, yana huda ƙasa da sukudireba a gindin katanga, yana sa su ɗaya-ɗaya, yana danna ƙasa da babban yatsa.

Na ce masa karas in an tuge shi ba ya kamawa.

Ya ce ya sani. Ya matsa gaba, ya huda wani ramin.