Bututun da Aka Liƙe

Tun kaka ma'aikata suke jikin benenmu a birnin Brașov, suna liƙa wa bango farin soso mai kauri, su bi shi da shafe, don ɗumin ɗakuna ya daina zurarewa waje. Murna muke yi, domin bara har cikin ɗaki da rigunan sanyi muke zama.

Ranar da suka iso bangon arewa, na hau sama da hantsi in duba surukina, Baba Traian. Na ƙwanƙwasa, shiru, ga kuma ƙarar ruwa daga banɗaki. Na buɗe da makullina. Kyanwarsa na kwance a bakin ƙofa, da ƙyar ta ɗaga kai. Kafin in kai kicin kaina ya fara sarawa.

Tukunyar gas mai ɗumama ruwan wanka tana ci, amma harshen wutar ya koma rawaya maimakon shuɗi. Na kashe ta, na bankaɗe taga. Ƙofar banɗaki a kulle take ta ciki. Na kira shi, na buga, ba amsa.

A wajen tagar, kan katakon da suke takawa, wani ma'aikaci mai suna Sorin yana cin burodi da cuku. Ya ga fuskata, bai tambayi komai ba, ya diro ciki. Sai da ya yi ta dukan ƙofar da kafaɗa kafin ta ɓalle.

Baba Traian na ƙasa, ido a rufe. Muka ja shi zuwa baranda, ina kiran motar asibiti.

"Yana numfashi?" na tambaya.

"Kaɗan-kaɗan. Riƙe masa kai, uwar ɗaki."

Da aka tafi da shi, Sorin ya koma waje da wuƙa, ya yanke soson da aka liƙa da safe. Ga bakin bututun hayaƙin tukunyar a ƙarƙashi, a toshe. Ashe iskar guba ce ta yi ta komawa cikin gidan. Shugabansu ya tsayar da aiki, suka bi gida-gida suna cewa kowa ya kashe tukunyarsa.

Baba Traian ya farfaɗo a asibiti. Da Sorin ya je gaishe shi, tsohon ya ƙare masa kallo.

"Kai ka fito da ni, ko kai ka liƙe ni?"

Sorin ya sunkuyar da kai. "Duka biyun, Baba."

"To zauna mana. Ka tsaya mini a kai kamar likita."