Daga Bencin Baya

…kuma ko raɗa bai yarda in yi ba. Mako uku, in ji likita, tun da aka cire min ƙarin nan a maƙogwaro. Ni da maigida ke cewa ko a barci bakina ba ya hutawa. Yau kwana goma sha shida. Ga ni a bencin baya na coci, biro da ɗan littafin da nake rubuta abin da zan faɗa a cinya, mawaƙa suna can gaba suna gwajin waƙoƙin Kirsimeti — ban da ni. Shekara ashirin da shida a layi na biyu, gefen taga, Yaya, wurin da kike tsayawa kafin Ubangiji ya kira ki…

Kin san wa ke wurin yanzu? Gajeriya. Mai sayar da zaren nan, wadda kullum nake zungura da gwiwar hannu — kin yi sauri, saurari na kusa da ke. Shekara tara ina zungurarta. Ba ta taɓa ce min uffan ba.

Malamin waƙa ya ɗaga hannu, ya sauke. "Daga farko." Karo na huɗu ke nan.

Da safe maigida ne ke mana karatun Littafi Mai Tsarki yanzu. Yau ya faɗo kan tsohon firist ɗin nan da mala'ika ya ce masa zai sami ɗa, ya yi shakka, aka rufe masa baki har haihuwa. Ya leƙo ni ta saman tabarau: "Shi wata tara, ke mako uku. Ai an yi miki sauƙi." Dariya ta taso, na danne — ita ma an hana — na jefa masa matashin kai. Da can horo na ɗauka aka yi wa tsohon. Yanzu kuwa… yana zaune yana kallon matarsa tana ƙara nauyi, tana magana, ba halin ya katse ta. Ko a lokacin ya fara jinta? Shekara talatin da ɗaya da aure, sai makon jiya na san maigida yana ɗan rera waƙa in yana goge takalmi. Murya kamar ƙofa mai tsatsa, amma yana yi. Ina nake duk shekarun nan?

Tsoro dai akwai, ba zan ɓoye miki ba. Likita bai ce muryar za ta dawo yadda take ba; "mu gani" kawai ya ce. Wataƙila ta dawo a dushe — ta isa kiran jikoki, ba ta isa waƙa ba. Ranar farko na yi kuka a banɗaki, shi ma ba sauti. A zuci na ce, Ubangiji, sai a makonnin jiran haihuwar Almasihu? Amma jiran me na taɓa yi? Gugar rigunan mawaƙa, kwafar waƙa, gudu daga shago zuwa gwaji, kafin in farga an gama, ƙafa a kumbure. Ranar Lahadi fasto ya kunna kyandir na mako na biyu na jiran, na zauna ina kallonsa yana raguwa kaɗan-kaɗan, kuma raina… lafiya lau. Abin har ya ba ni kunya.

Tsaya — sun shiga waƙar. Maza a ƙasa, mata sun hau kansu a hankali… ashe haka waƙar take? Daga ciki muryata kawai nake ji. Akwai wani wuri kafin baitin ƙarshe da su talatin ɗin ke jan numfashi tare, har nan ana jinsa. Wannan muryar kuma da ta riƙe tsakiya, mai ɗumi, ba garaje — ta wace ce? Na miƙa wuya, ɗinkin ya ja ni.

Gajeriya.

Ba ta sauri. Ta taɓa yi ma kuwa? Ko ni ce ke ja da baya…

Sun gama. Ga ta nan tafe tsakanin bencuna, tana nannaɗe takardar waƙa a hannu, ta ɗan rusuna. "Mama, na ɓata ko? Ki rubuta min inda zan gyara."

Na buɗe littafin. Kawo ruwa. Rage wuta. Wa ya zo? — na wuce su, na sami farin shafi. Biro a hannu, ya ƙi motsi. Ta ina ake farawa? Na matsa mata wuri a bencin. Ta zauna, tana kallon shafin, ni ma ina kallo…