Gurasar da Tursun Ya Gatsa

Tun da jirgin ruwa ya sauke su a gaɓar Kazakistan Tursun ya shiga ƙirƙiro hujjoji. Wai hanyar ƙauyensu duk ramuka ce, wai motar tana zafi, wai za su ɓata wa abokan tafiya lokaci. 'Yarsa Nigora, wadda ke riƙe da sitiyari, ta bar shi ya gama tsaf.

"Baba, motar nan tun daga Turkiyya take zafi ba ka ce uffan ba. Sai yanzu da muka doshi gidan Kaka?"

Ita ta cusa su cikin gasar. Duk bazara wasu marasa jin magana kan taso daga Turai da ƙananan tsofaffin motoci, su yi ta tsallake ƙasashe har Mongoliya, ba ruwan kowa da wanda ya riga isa, a dai isa. Tursun ya fi shekara ashirin yana tuƙa bas a Poland, ya san wannan ba aikin mai hankali ba ne. Amma da ta nuna masa hanyar ta ratsa kusa da Samarkand, yankin da ƙauyensu yake, sai ya ce ai ba zai bar yarinya ta tafi ita kaɗai ba.

Ranar da ya bar gida, mahaifiyarsa Dilbar ta miƙa masa gurasa mai zafi ya gatsa, ta rataye sauran a ƙusa jikin bango, yadda ake wa duk mai doguwar tafiya, don rabonsa ya jawo shi ya dawo ya ƙarasa. Bai dawo ba. Da farko rashin takardu ne, daga baya aka binne mahaifinsa ba ya nan, kunya ta ɗora daga inda takardu suka tsaya. Duk Juma'a suna waya, a yi hirar ciwon gwiwa da bikin maƙwabta, amma bai taɓa iya tambayarta ko gurasar tana nan ba. Abin da yake tsoro ke nan, ya shiga ya tarar an sauke ta, an daina jiransa.

Da la'asar suka shiga ƙauyen, wasu 'yan Italiya biyu masu gemu suna biye da su a motar da aka ɗaure salansarta da waya. Dilbar tana zaune a gadon katako na tsakar gida, ƙarƙashin rumfar inabi. Ta ƙanƙance ƙwarai. Ta tako da sanda har ƙofa, ta ƙare wa motar kallo.

"A wannan gwangwanin kuka zo? Duk zamanka a Turai abin da ka samo ke nan?"

Ta wuce shi ta rungume Nigora, tana shinshina kanta tana kuka. Shi kuwa ya tsaya riƙe da hula, idonsa na kan ƙofar ɗaki.

"Me kake leƙe kamar baƙo? Shiga mana."

An sake fenti, an sake labule. Ƙusar tana nan inda ya bar ta, ba komai a jikinta. Ya dafa bango. Ya ce a ransa ba ta yi laifi ba, duk da haka hawaye suka zubo masa.

"Kai, ƙaton banza, kukan me kake yi?" Dilbar ce a bayansa da ƙunshin farin ƙyalle. "Tun da jikata ta bugo waya na sauke gurasarka, na yayyafa mata ruwa na ɗumama a tanderu. So kake ka bar min haƙoranka a ciki?"

Ta kwance ƙyallen. Gurasar ta yi baƙi ta motse, ga gurbin haƙoransa a gefe. Ya sumbace ta, ya kai goshi, ya gatsa. Ɗanɗanon hayaƙi da ƙura ne kawai, amma ya buɗe baki zai ƙara. Ta fizge.

"Wa ya ce ka cinye? Ba Mongoliya za ku ba?"

"Inna, na fasa. Nan zan zauna."

"Ka fasa a gidan wa? Ka kai yarinyar nan inda ka ce za ka kai ta. Sau ɗaya dai ka ƙarasa abin da ka fara."

Da safe ta fito da sabuwar gurasa ta sa Nigora ta gatsa. 'Yan Italiya, da suka kwana da cikin shinkafa da naman rago, suka matso suna nuna bakinsu. Ta ce bangonta ba kanti ba ne, sannan ta ba su guda su gatsa su biyu. Tursun ne ya kafa sababbin ƙusoshin, ta mayar da tasa kan tsohuwar da hannunta.

Ta watsa musu ruwa a bayan mota, yadda ake wa matafiya don su dawo lafiya, sannan ta riƙe hannun rigarsa ta taga.

"Ɗana, ba ni da wasu shekara ashirin ɗin."

"Zan dawo kafin a tsinke inabin nan, Inna."

"To, ba mai taɓa shi."

Shi ya karɓi tuƙi. Ba su yi nisa ba motar ta fara zafi, Nigora ta ce su tsaya ta huce. Ya ce ta huce a Mongoliya, ya ƙara taka mai.