Damin Allah a Ƙasan Rumbu

Ni Tabita ban taɓa cin kason Allah ba, ko ƙwaya ɗaya. Tun da Ɗangiwa ya auro ni ya kawo ni wanga ƙauye na bayan Fakku, ko wace kaka kashi uku nake yi wa geronmu, yadda matar fasto ta koya mana: ɗaya cikin goma na coci, sannan iri, abin da ya rage na ciki. Har dariya maƙwabciyata Zulfa take yi mini, wai rumbuna ya fi asusun banki tsari.

To, bana tsarin ya watse. Ruwan farko ya sauka, muka zuba irinmu duka a ƙasa, sai sama ta ɗauke kwana ashirin da uku. Shukar ta fito, ta ƙone ƙurmus. Na ciki kuwa tun kafin nan ya ƙare, da kuɗin ƙwadago muke auno tiya guda mu lallaɓa ɗiyanmu huɗu.

Abin da ya saura a ƙasan rumbu dami biyu ne, kason coci. Cocinmu yana Tambuwal, hanya ba lafiya, ba mu samu kai shi ba.

Ranar Talata ruwa ya dawo kamar da bakin ƙwarya. Wanda bai sake shuka a kwana biyu ba, damina ta bar shi. Na ruga wurin Zulfa neman iri, ta kife mini ƙwaryarta, ita ma wayam.

Na dawo na tarar da Ɗangiwa zaune a gindin rumbu.

"Maigida, a fiddo damin nan."

"Wane dami? Tabita, ki ji tsoron Allah. Wanga ba namu ba ne."

"Na sani! Ni na ware shi da hannuna. Amma mi ɗiyanka za su ci baɗi? Tsoron Allah?"

"Gara in mutu da yunwa da in saci kayan Ubangiji."

Kai, raina ya ɓaci! Mutumin kirki ne, amma in ya kafe ko jaki ya sara masa. Na fashe da kuka, tsoro ne fal cikina. Na ce, "Kai ka mutu mana. Su fa, da ba su yi wa kowa alkawari ba?"

Na hau rumbu da kaina, na jefo damin a gabansa. Na sussuka, na sheƙe, na zuba a ƙwarya. Kafin in ɗauki ƙwaryar na durƙusa na ce, "Uba, ban ci ba, ban sayar ba. A ƙasarka zan zuba maka. In ya tsiro naka ne, ka sammana. In ya ƙone, kayanka ka ƙona."

Na kama hanyar gona ni kaɗai. Ina tona rami na farko da ɗan yatsa, sai na ji sungumi ya sari ƙasa a gabana. Ɗangiwa ne. Bai dube ni ba, hawaye na bin gemunsa. Yana sara, ina jefa iri ina rufewa da ƙafa, har ƙwaryar ta koma wayam.

Sai muka ɗaga kai tare. Babu ko ɗigon girgije.