Addu'ar Malama a Kan Tebur

Kwana tara ke nan Auta da mijinta ba su ce wa juna uffan ba. Dalilin kuwa, asibitin da yake aiki sun yi masa canji zuwa wani gari, ya karɓa, bai gaya mata ba. A coci ta ji, daga bakin Fasto, cikin sanarwa, ana ta juyowa ana yi mata murna. Yanzu ta haɗa akwati ta jingine bayan ƙofa, ta ce wa uwarta a waya ranar Asabar za ta dawo gida.

Uwar, wadda kowa ke kira Malama saboda shekara talatin da ta yi tana koyarwa, ba ta jira Asabar ba. Ta iso da rana tsaka da Littafi Mai Tsarki a hammata, ta sa 'yar takarda a wuri shida. A ganinta sulhu kamar gyaran jarrabawa ne: a nuna wa mutum inda ya kauce, a ja masa layi, shi ke nan.

Aka zauna cin abinci, yara suna makaranta. Surukin ya gaishe ta da ladabi, ya ce Mama ta sa albarka. Ta rufe ido. Ta gode wa Uba saboda shinkafa da lafiya, daga nan ta roƙe shi ya tuna wa wasu mazan cewa kunnen matansu ya fi lasifikar coci kusa da su. Ta roƙa wa masu taurin kai zuciya mai laushi, masu digiri kuma ɗan hankali. Da ta ce amin, ita kaɗai ta faɗa. Kujerar surukin babu kowa.

"Mama, da Allah kike magana ko da mijina?" in ji Auta.

Malama ta ce gaskiya ta faɗa, kuma ita ba ta iya shafa wa gaskiya mai ba. Auta ta ɗaga farantinta. A ƙarƙashinsa akwai takardar canjin, a ninke. Shi ya ajiye ta tun kafin a zauna, alamar yau zai buɗe baki.

"Kwana tara ina jiran wannan. Kin zo kin yi masa wa'azi ido a rufe."

Abin ya ci Malama, don har yanzu tana ganin ita ce da gaskiya. Amma gaskiyar tata ce ta tashi mutum daga kan abincinsa. Ta sami surukin a tsakar gida yana goge babur ɗin da ba shi da ƙura. Tun daga ƙofar falo ta shirya maganarta tsaf: za ta ba da haƙuri, sannan ta ce amma shi ma ya duba.

"Ɗana, na mai da addu'a bulala. Ka yafe mini."

Ya tsaya da tsumma a hannu, yana jira.

"Amma?" ya ce.

Kalmar tana nan a kan harshenta, da jimla uku a bayanta, kowace da ayarta. Ta haɗiye ta.

"Babu amma. In akwai, na matarka ne, ba nawa ba."

Ya ajiye tsumman. Ya ce ya ji, Mama, ya shiga ciki. Ba wanda ya ce mata ta biyo, ba wanda ya ce ta zauna. Ta ɗauki jakarta a baranda.

Tana zare sakatar ƙofar gida sai ta ji muryar Auta ta tashi, tana tambayarsa ko ita kujera ce da za a ɗora a mota ba shawara. Shi ma ya ɗaga tasa, yana cewa tsoron wannan faɗan ne ya hana shi faɗa. Hujjar banza, in ji Malama a ranta, kuma ta san amsar da za ta kashe ta nan take. Auta ba za ta iya kawo ta daidai ba, tun tana ƙarama ba ta iya gardama ba. Ƙafar Malama har ta juya.

Sai ta ja ƙofar ta rufe daga waje, ta nufi bakin titi tana ƙunƙuni, muryoyin biyu suna ta hawa kan juna a bayanta.